Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Kan Zaɓen Kwas da Watannin IT da Ake Zubarwa

Zuwa ga Babban Sakataren Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, NUC,
da Babban Daraktan Asusun Horar da Ma'aikata, ITF,
da Shugabannin Jami'o'in Arewacin Najeriya.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranku ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya, Allah ya taya ku riƙon amanar da aka ɗora muku. Ni injiniyan lantarki ne, ina da ɗan wurin aiki a Kano inda muke haɗa sola, mu gyara inbata, mu sa wa rijiyoyin burtsatse famfo. Ma'aikatana ba su kai goma ba. Ban taɓa koyarwa a jami'a ba, ban kuma taɓa zama a wani kwamiti na ilimi ba. Amma duk shekara ɗalibanku suna zuwa ƙofata da wasiƙa a cikin ambulan suna neman wurin yin IT, wato horon sanin makamar aiki da ɗalibi ke yi a wurin aiki kafin ya gama karatu, saboda haka ina ganin abin da kuke dafawa tun kafin ku sauke tukunya.

Abu biyu ne suka haɗu a sati guda suka sa ni wannan rubutu. 'Yar yayana da ke ajin ƙarshe na sakandare ta same ni bayan sallar isha'i, ta shimfiɗa takardunta a gabana ta ce, “Baffa, wane kwas zan cike a JAMB?” Yarinya ce mai ƙoƙari a darussan kimiyya. Mahaifinta likitanci yake so, mahaifiyarta ta fi son aikin jinya don an ce ba a rasa aiki da shi, ƙawayenta kuwa duk kwamfuta suke ambato. Kwana biyu bayan haka ɗalibai huɗu suka zo neman gurbi. Na karɓi biyu, na ba biyu haƙuri, domin benci da kayan aikin da nake da su ba za su ishe su ba. Ɗaya daga cikin waɗanda na mayar ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, “Oga, ko ba za ka ɗauke ni ba, ka taimaka ka buga mini hatimi a logbuk, ni zan san abin da zan rubuta.” Logbuk shi ne littafin da ɗalibi ke rubuta aikin da ya yi a wurin IT. Ban buga ba. Amma na kwana da yaron a raina, don na san kafin sati ya zagayo zai sami mai buga masa, kuma na san ba lalacewa ce ta kai shi ga wannan roƙo ba. Ita tana bakin shiga jami'a, shi yana bakin fita, dukansu kuma lalube suke yi a cikin duhu.

Bari in fara da mai shiga. Yara kusan miliyan 2 ne ke zama jarrabawar JAMB a shekara yanzu. Littafin jagorar da ake ba su yana faɗin darussan da kowane kwas yake buƙata da makarantun da ke koyar da shi. Wannan ya yi. Sai dai ba ya faɗin inda kwas yake kai mutum idan ya gama. Shi ya sa a gidajenmu da ji-ta-ji-ta ake zaɓe: likita, lauya, injiniya, sai kuma “duk abin da Allah ya ba ka”. Yaro ya cike likitanci, makinsa bai kai ba ko gurbi ya cika, sai jami'a ta tura shi nazarin ƙananan halittu, wato maikirobayoloji, ko kuma bayokemistiri. Iyaye su ce ya karɓa, ai duk hanyar asibiti ce. Sai ya kai aji uku kafin wani ya gaya masa cewa aikin ɗakin gwaje-gwajen asibiti yana da nasa kwas daban na shekara biyar, da shekara guda ta sanin makamar aiki, da lasisin da majalisar kula da wannan sana'a take bayarwa, kuma digirin da yake yi ba ya ba shi wannan lasisi. Na san yara a unguwarmu da suka yi shekaru suna zaton farar rigar asibiti ce ke jiransu. Ba cewa nake yi karatunsu ba shi da amfani ba. Masana'antun abinci da na magunguna da wuraren tace ruwa da hukumar NAFDAC duk suna buƙatar masu irin wannan ilimi. Amma da an gaya wa yaron gaskiya tun ranar rajista, da ya san ƙofofin da zai riƙa ƙwanƙwasawa tun yana aji biyu, ko kuma ya sake zama jarrabawa tun shekarunsa ba su ja ba.

Kowace jami'a ta san adadin waɗanda ta yaye, kuma lambobin wayarsu suna hannunta tun ranar da suka shigo. Me zai hana kowane sashe ya bi sawun ɗalibansa shekara biyu ko uku bayan sun gama bautar ƙasa, ya tambaye su: kana aiki? Aikin me? Ya shafi abin da ka karanta? Sai a liƙa sakamakon a inda uba da ɗa za su gani kafin su cike fom. Ku a NUC, idan kun je tantance kwas kuna ƙirga malamai masu digirin digirgir, da littattafan laburare, da kujerun aji. Ku ƙara da wannan tambaya guda. Sashen da ya yaye ɗalibai ɗari uku bai san inda ko talatin daga cikinsu suke ba, ya kamata ya yi muku bayani kafin ku sabunta masa izini.

Da nake ƙoƙarin amsa wa 'yar yayana sai na lura da wani abu da ban taɓa tsayawa na duba ba. Kwasa-kwasan da iyaye ke rububi a kai, kusan dukansu suna da gada tsakanin aji da aiki, kuma doka ce ta gina gadar. Likita ba ya samun cikakken lasisi sai ya yi shekara guda a asibiti ƙarƙashin manya. Haka mai haɗa magunguna. Lauya sai ya bi ta Makarantar Horar da Lauyoyi, kamar reshenta da ke Bagauda, a tura shi kotu da ofishin lauyoyi ya ga yadda ake yi. Mai digirin noma shekara biyar yake yi, guda daga ciki a gona. Malamin makaranta yana da koyarwar gwaji. Waɗannan ma ba su rasa matsala ba, don akwai sababbin likitoci da masu haɗa magunguna da ke zaman jiran gurbin horo wata da watanni. Amma dai gadar tana nan, an san wanda ke da alhakinta, kuma ba a tsallake ta da hatimin roba. Sauran ɗalibai, injiniyoyi da masu kimiyya da masu kwamfuta da masu zanen gine-gine, gadarsu ita ce SIWES, shirin gwamnati na tura ɗalibai wuraren aiki, wanda aka fi sani da IT. Ita nake so mu duba.

Kun fi ni sanin tarihinta. An kafa ITF a 1971, hedikwatarta a Jos, ta kuma ƙirƙiro SIWES a 1973 saboda masu masana'antu suna kukan cewa waɗanda makarantu ke yayewa sun san littafi amma ba su san inji ba. A 1979 aka miƙa shirin ga NUC da NBTE, hukumar kula da ilimin fasaha, a 1984 aka mayar wa ITF. Tunani ne mai kyau, kuma an gina shi a kan Najeriyar wancan lokaci. A lokacin Kakuri a Kaduna cike take da masaƙu, tun daga masaƙar KTL da aka buɗe a 1957. Kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci a Kaduna a 1975, matatar mai ta biyo baya a 1980. A Kano, Bompai da Sharaɗa da Challawa suna aiki dare da rana, ma'aikata na canjin aiki sau uku. Ɗalibin da ya fito da wasiƙa yana da inda zai kai ta. KTL ta rufe a 2002, masaƙar UNTL ta biyo ta a 2007, kuma duk wanda ya zagaya Sharaɗa da Bompai yau zai ga gine-ginen da suka koma rumbun ajiyar kayan da aka shigo da su daga waje. A gefe guda jami'o'in ƙasar nan sun haura 250. Masu neman gurbi sun ninka sau da yawa, wuraren karɓarsu sun ragu, amma har yau wasiƙar nan ce ta 1973 ake damƙa wa yaro a ce ya je ya nema.

Ranku ya daɗe, kun san abin da “ka je ka nema” yake nufi a ƙasar nan. Wanda yake da uwa a gindin murhu, waya ɗaya za a buga ya sami wuri a kamfanin mai ko babban banki ko kamfanin sadarwa a Abuja, a ba shi alawus mai kauri, kuma sau da yawa can zai koma aiki bayan bautar ƙasa don an riga an san fuskarsa. Ɗan talaka da ya zo daga ƙauye, wanda shi ne na farko a gidansu da ya taka jami'a, zai yi sati uku yana yawo a rana daga wannan ƙofa zuwa waccan, maigadi ma ba zai bar shi ya wuce ba. A ƙarshe ya faɗa wata sakatariyar ƙaramar hukuma inda ba abin yi, ya riƙa sa hannu da safe yana komawa gida, ko ya nemi mai hatimi. Su biyun aji ɗaya suka zauna, jarrabawa ɗaya suka rubuta, wataƙila ma ɗan talakan ya fi maki. A cikin wata shidan nan ne hanyarsu take rabuwa, kuma jami'a tana kallo.

Ni ma ta nan na bi. Na yi IT ɗina a wani kamfani da ba zan ambata ba. Wata biyun farko aikina sayo wa ma'aikatan ofis abinci da kai takardu wurin hoto. Ba wanda ya zage ni, ba kuma wanda ya san me zai yi da ni. Wata rana wani dattijo mai gyaran injina, wanda ko takardar sakandare ba shi da ita, ya gan ni zaune a kan benci ya ce, “Kai ɗan boko, zo ka riƙe mini wannan.” Daga ranar ban sake zama ba. Shi ya koya mini in saurari ƙarar inji in gane boris ya ci, in shinshina waya in san ta ƙone, in kashe wuta in kulle makunnin in sa makullin a aljihuna kafin in sa hannu a cikin allon wuta. Ni kuma da daddare nakan buɗe littafina in ga dalilin abin da ya nuna mini da rana. Ranar da na lissafa masa kaurin wayar da wani inji yake buƙata, lissafin ya zo daidai da abin da shi ya sani da ido, ya yi murmushi ya ce, “Ashe bokon naku na da rana.” Allah ya jiƙansa da rahama. Abincin da nake ci yau daga wata huɗun nan ya samo asali. Abin da ke damuna shi ne sa'a ce kawai ta haɗa ni da shi. Da ya tafi hutu a lokacin, da na koma makaranta da cikakken logbuk da hannu wofi, kuma da na sami maki mai kyau.

Yanzu ni ne a matsayin dattijon, kuma ga abin da nake gani. Ɗalibin aji huɗu a sashen lantarki zai zo, ya iya zana maka lissafin taransifoma a kan takarda ba tare da ya duba littafi ba, amma ka miƙa masa mita ka ce ya auna batir, sai ka ga hannunsa na rawa. Ba laifinsa ba ne. A ɗakin gwajinsu mutum arba'in ke zagaye na'ura ɗaya, mutum ɗaya ya taɓa, sauran su kwafi sakamako. Amma ku zo ku gan shi bayan wata uku. Zai hau rufi ya duba inda rana ke faɗowa, ya lissafa yawan faifan sola da batiran da gida ke buƙata, ya yi wa mai gida bayani da Hausar da zai gane dalilin da ya sa firij da dutsen guga ba za su hau kan ƙaramar inbata ba. Yaran nan suna da kai. Wata ɗaliba mai karanta fizis da ta yi IT a wurina, ita ta gano cewa wani famfon da muka yi ta mayarwa yana ƙonewa, ba famfon ne da laifi ba, tsawon wayar ne ke sa wuta ta ragu kafin ta isa ƙasan rijiya. Yarana na gareji sun fi ta iya riƙe filaya nesa ba kusa ba, amma ita ce ta zauna da biro ta kamo ɓarawon.

Sai maganar masu duba ɗalibai. A ƙa'ida malami daga makaranta zai zo ya ga ɗalibi a bakin aiki, ya tattauna da mai wurin. Abin da na fi gani shi ne malami ya iso a satin ƙarshe, a gajiye, da jerin sunayen ɗalibai hamsin da ke warwatse a jihohi uku, ya sa hannu a shafukan sati ashirin da huɗu a zama ɗaya, ya wuce. Wani ma ta waya zai ce ɗaliban su haɗu a wuri ɗaya su kawo masa littattafansu. Ban ga laifin malamin sosai ba, domin wasu sun gaya mini da kuɗin aljihunsu suke zuba mai. Amma idan mai dubawa bai taɓa tambayar ɗalibi “nuna mini abin da ka gyara” ba, to logbuk da Fom 8, takardar ITF da ake cikewa a ƙarshen IT, sun zama takardun da kowa ke sa wa hannu alhali kowa ya san abin da ke ciki ba lallai ne ya faru ba. Muna koya wa yaro a shekarunsa na ƙarshe a makaranta cewa takarda daban, gaskiya daban. Wannan darasi zai tafi da shi ofis, zai tafi da shi wurin duba gada da ginin asibiti.

Kuɗin kuma fa? Alawus ɗin SIWES naira 2,500 ne a wata, wato 15,000 a wata shida, adadin da aka yanka tun shekaru masu yawa. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, wannan ba ya kai ɗalibi wurin aiki a adaidaita sahu na sati guda. Mafi ƙarancin albashi ya koma naira 70,000 a 2024, alawus ɗin masu bautar ƙasa ya koma 77,000, amma na ɗan IT yana nan inda yake. Na san daga gwamnatin tarayya kuɗin ke fitowa, ITF rabawa take yi. To ku ne ya kamata ku kai kukan gaban Majalisa da Ma'aikatar Kuɗi, ku kuma nace a riƙa biya wata-wata lokacin da ɗalibi ke buƙatar kuɗin mota, domin kuɗin da ya zo bayan an gama IT bai taimaki kowa zuwa wurin aiki ba. Wannan ya fi taɓa 'yan mata. Uba zai yarda 'yarsa ta je wuri mai kyau a wani gari idan akwai masauki da kuɗin abinci da wanda zai tsaya mata. Idan babu, zai ce ta nemi wuri kusa da gida ko da ba abin koyo, kuma ba zan ce ya yi kuskure ba. Ya kamata kuma kowace makaranta ta ba ɗaliba lambar wata malama da za ta kira idan wani a wurin aiki ya nemi ya ci zarafinta, a kuma cire wurin daga jerin waɗanda ake tura ɗalibai.

Akwai wata dama a hannun ITF da nake ganin ba a ci moriyarta ba. Doka ta wajabta wa kamfanonin da suka kai wani mizani su biya asusun kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin ma'aikatansu a shekara, kuma asusun yana mayar wa kamfani har rabin abin da ya biya idan ya nuna ya horar da ma'aikatansa. Me zai hana horar da ɗalibai ya shiga wannan lissafi? Kamfanin da ya karɓi ɗalibai goma, ya ba su takalmin aiki da hular kwano, ya haɗa kowanne da ƙwararren da zai koya masa, a mayar masa da wani abu. Manaja zai daina kallon ɗan IT a matsayin kaya.

Amma ko an yi haka manyan kamfanoni ba za su ishe mu ba, musamman a Arewa. Kamfanonin siminti na Sakkwato da Ashaka da kamfanin sukari na Numan ɗalibai nawa za su ɗauka? Aikin da ya rage a garuruwanmu yana hannun ƙananan wurare ne: injinan casar shinkafa da suka yawaita a Kano da Kebbi da Jigawa, gonakin kaji, majemun Challawa, masu tace riɗi da zoɓo a Dawanau don fitarwa waje, masu gyaran waya a Farm Centre, maƙeran zamani na Panteka a Kaduna waɗanda ke ƙera injin niƙa da na sussukar masara daga tarkacen ƙarfe. Ba ɓoyayyen abu ba ne cewa ɗaliban injiniya da yawa wurin irin waɗannan masu walda suke kai zanen aikinsu na kammala karatu a ƙera musu. Tunda a ɓoye ana amfana da su, a fito da abin fili mana. Ofisoshin ITF na jihohi da sassan SIWES na jami'o'i su zagaya, su duba wuraren da ke da aiki na gaske da kariya daga haɗari, su yi musu rajista, su rubuta ɗalibai nawa kowanne zai iya ɗauka. Sai makaranta ce za ta tura ɗalibi da sunansa zuwa wuri sananne, nauyin neman gurbi ya tashi daga kan yaro ya koma kan hukumar da ta ce dole ya yi. Hukumar NBTE ta riga ta fara ba masu sana'ar hannu takardar shaidar ƙwarewa mataki-mataki, don haka akwai ma'aunin da za a gane wanda ya isa ya koyar. A Jamus matashi yana sa hannu a yarjejeniya da kamfani, ya yi wasu kwanakin sati a wurin aiki wasu a aji, ana biyansa duk wata, kuma yawancin wuraren da ke karɓarsu ƙanana ne da matsakaita. Mu ma ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Tun kafin boko ake kai yaro wurin maƙeri ko marina, har gobe kuma a Kantin Kwari yaron shago yana zama da ubangidansa har ya iya, a ba shi jari.

Kada a manta da waɗanda ba sa cikin shirin gaba ɗaya. Mai karanta tarihi ko Hausa ko nazarin zamantakewa ko addinin Musulunci yakan shiga jami'a ya fita bai taɓa kwana ɗaya a wurin aiki ba, kuma su ne suka fi cika azuzuwanmu. Sabon tsarin manhajar da NUC ta ƙaddamar a ƙarshen 2022 ya bar wa kowace jami'a kashi 30 cikin 100 ta tsara da kanta. Ranku ya daɗe shugabannin jami'o'i, ga fili nan. Ɗalibin Hausa ya yi wata uku a gidan rediyo yana fassara labarai, ko a kotu yana ganin aikin tafinta. Ɗalibin tarihi ya je Gidan Arewa ko Ma'ajiyar Takardun Tarihi ta Ƙasa a Kaduna ya taya su jera takardun da ke neman lalacewa. Mai nazarin zamantakewa ya bi ma'aikatan rigakafi ƙauye ya koyi yadda ake tattara bayanai. A kuma kare watannin daga yanka, domin duk lokacin da kalandar karatu ta rikice, kamar bayan yajin aikin wata takwas na 2022, IT ce ake fara matsewa don a cike giɓi.

Ina jin maganar da ke yawo a bakin matasa yanzu, wai digiri ɓata lokaci ne, a je a koyi sana'a kawai. Ban yarda da ita ba, kuma tana ba ni tsoro, domin mu da muke fama da yara miliyoyi da ba sa zuwa makaranta ba mu da rarar da za mu riƙa kushe karatu. Dattijon da ya koya mini aiki ya fi ni hannu har ya koma ga Allah, amma da aka kawo sababbin injina masu allon kwamfuta sai ya zama ɗan kallo, abin kuma ya yi masa ciwo. Ya sha gaya mini da ya sami karatu da ba haka ba. Sai dai matasan nan ba a banza suke faɗin abin da suke faɗa ba. Sun ga yayyensu sun dawo da kwali sun zauna zaman kashe wando, kowane tallan aiki kuma yana neman gogewar shekara biyu. Wa'azi ba zai canza musu ra'ayi ba. Abin da zai canza shi ne su ga yayansu ya fito jami'a da abin da hannunsa ya iya da kuma wanda zai tsaya masa shaida.

'Yar yayana dai na gaya mata abin da na sani. Na ce idan likitanci take so da zuciyarta ta nema, amma zaɓinta na biyu ya zama kwas ɗin da ta san inda yake kaiwa, kada ta karɓi wani abu don sunansa ya yi kama da asibiti. Na ce duk kwas ɗin da ta ɗauka ta tambayi mutum uku da suka gama shi abin da suke yi yanzu, ta kuma tambaya a ina ɗaliban sashen suke yin IT. Na haɗa ta da wata mai aikin gwaje-gwaje a wani asibiti da wata mai rubuta manhajar kwamfuta, ta wuni da kowacce a lokacin hutu. Ita ta yi sa'a tana da baffan da zai buga mata waya. Ajinsu su sittin ne da 'yan kai.

Wurin aikina a buɗe yake ga duk jami'in da kuka turo. Zan nuna masa benci biyun da nake da su, da littafin da nake rubuta abin da kowane ɗalibi ya gyara da hannunsa, in kuma kai shi wurin abokan sana'ata da ke shirye su karɓi ɗalibai idan aka yi musu rajista. Yaron da na mayar kuwa na karɓi lambarsa, ina nema masa wuri wajen wani abokina mai naɗin kwayil.

Allah ya yi muku jagora, ya sa ku gama lafiya.

Wassalam.

Naku,
Wani injiniyan lantarki,
Kano.